Ai Kome Ne

Fulera mai ƙuli-ƙuli, wadda ke zaune a wata unguwa a gefen Lausu, ba ta taɓa shiga aji ba. Ko sunanta aka rubuta a bango ba za ta gane shi ba. Amma tana da rediyo, tana da kunne, kuma Allah ya ba ta bakin da ba ya tauna magana kafin ya fito da ita. A rediyon nan ta ji, tana tsaka da matse tunkuza, cewa an kafa doka a ƙasar Kano: ba a sake ɗaura aure sai an gwada jinin ango da na amarya. Ta ce madalla, da ma an daɗe ana kai 'ya'yan mutane rami da guɗa.

Ba a jima da wannan ba sai ga Dalhatu direba ya dawo neman autarta Rukayya. Shi Dalhatun nan mutumin Fassi ne, yana jan motar albasa da tumatur zuwa Kudu, kuma saki a wurinsa kamar sauya riga ne. Kafin Rukayya ya auri wata Huseina 'yar Fammar, ya sake ta. Rukayyar ma ya sake ta a kan miya ta yi gishiri, idda ta ƙare, shekaru suka shuɗe bai ko aiko da gaisuwa ba. Har an ce yana neman wata budurwa a cikin Kibiya, magana ta yi nisa, sai kwatsam ya janye ba wanda ya san dalili. Sai ga shi a ƙofar gidan Fulera da buhun albasa, ya yi ƙiba, wuya ya yi kauri, wai ya gane kuskurensa, kome yake so.

Rukayya ta yi ta murna a ɓoye. Zawarci ya ishe ta, kuma ita har ga Allah tana son mutumin nan.

Fulera ta aika aka kira mata Bello, ƙanin marigayi mijinta, wanda shi ne waliyyin yarinyar.

"Malam Bello, in za ku ɗaura, a fara gwada jini. Haka na ji a rediyo."

Bello ya yi dariya, irin ta ƙanin miji. "Kai, matar Yaya! Yanzu kuma likita kika zama? Ai na yi wa Malam Uzairu maganar. Ya ce gwaji na baƙi ne, waɗanda ba su san juna ba. Wannan kuwa ba komai, kome ne. Tsohuwar zuma ai da ita ake magani."

"Zumar da ta shekara uku a buɗe a hanyar Kudu? Ka san irin ƙudan da ya faɗa mata?"

"Ke dai bakinki ba ya faɗin alheri."

Malam Uzairu shi ne limamin masallacin unguwarsu. Ranar Juma'a ya ɗaura, aka raba goro, aka shafa fatiha, ba wanda ya soki ko yatsa ɗaya. Mace ba ta zuwa wurin ɗaurin aure, balle ta hana. Fulera tana cikin gida ta ji maroƙi yana cewa an ɗaura, ta tofar da yawu a toka ta ci gaba da suyarta.

Aka kai Rukayya Fassi. Ta yi ciki, ta haifi mace aka sa mata Fatima Zahra'u, ana kiranta Ummi. Tun daga wankan jego Rukayya ba ta sake cika ba. Yau zazzaɓi, gobe gudawa, jibi tari. Aka ce shawara ce, aka ba ta saiwa. Aka ce sammu ne, aka ba ta rubutu. Duk wanda ya zo daga Fassi sai ya ce wa Fulera, "Da sauƙi." Da sauƙin nan ne ya ishe ta, wata safiya cikin damina ta rufe tukunyar mai, ta hau ɗan acaɓa ta tafi ta gani da idonta.

Abin da ta tarar, ko maƙiyi ba a yi masa fata. Rukayya na zaune a bakin ƙofa a kan tabarma, zani ya zagaye ta sau biyu, ƙashin wuya kamar a rataya moɗa. Bakinta ya yi fari fat da ƙuraje. Ummi na manne da nonon da ya zama fata, tana tsotsa tana kuka.

"Inna, sannu da zuwa. Ba ki aiko ba."

"Tashi. Ɗauko mayafinki."

"Inna, ba ya nan, ban tambaye shi ba."

"Ni ma da na haife ki ban tambaye shi ba. Tashi, ko in goya ki in riƙe 'yar a hannu."

Ta goya Ummi, ta sa Rukayya a tsakaninta da ɗan acaɓa, ta riƙe ta kamar damin da zai kwance, har cikin Rano. A wani ƙaramin asibiti suka sauka. Bayan dogon jira aka shigar da su wurin wata malamar asibiti, yarinya mai sanyin murya. Ta duba bakin Rukayya, ta duba idonta, ta yi tambayoyi, sannan ta ja kujera kusa da ita.

"'Yar'uwa, ina so mu yi miki gwajin ƙanjamau. Yatsa kawai za a soka, yanzu a ga sakamako, kuma ba wanda zai ji sai ke. Kin yarda?"

Rukayya ta sunkuyar da kai. "Sai na tambayi maigida."

"Da kika zo awo da cikin wannan, ba a yi miki ba?"

"Sau ɗaya na je. An tambaye ni, na ce sai na tambaye shi. Ya ce kada in kuskura, kuma ya hana ni komawa."

Fulera ta miƙe tsaye da goyo a bayanta. "Wace irin tambaya ce wannan, 'yar nan? Ga hannu, ga allura. Ni na haife ta, ni na ce ki soka. In ƙarfinta kike tsoro, ni zan danne miki ita."

"Iya, ba a yi wa babba gwaji dole. Sai da yardarta."

"Ba a yi dole? Da kuke bin mu gida-gida kuna ɗiga wa yara maganin shan inna, kunyar wa kuka ji? Saniya ma in ta kwanta, ana tambayarta kafin a ɗura mata magani? Kuna kallon mutum yana narkewa kamar man shanu a rana, kuna cewa kin yarda, kin yarda!"

"Iya, in aka ce dole ne, wallahi rabin matan nan da kika gani a waje ba za su sake taka asibiti ba. A gida za su mutu, ba mu ma gan su ba. Ki lallashe ta. Ina nan har la'asar."

Fulera ta ga lallashi ba zai yi ba sai da bakin mai ita. Ta zaunar da Rukayya a bencin baranda, ta miƙa mata Ummi, ta nufi tasha, don ta ji an ce motar Dalhatu tana lodi a Rano ranar.

To, kowa ya san suruka ba ta tsayawa gaban mijin 'yarta a bainar jama'a. In sun haɗu a hanya ma, ɗaya ratsewa yake. Fulera ta ajiye wannan kunyar a ƙofar tasha kamar takalmi. Ta same shi a inuwar mota yana shan rake, 'yan kamasho sun kewaye shi. Da ya gan ta ya zame daga benci ya durƙusa, raken na hannunsa.

"Inna, barka da rana. Da kin aiko ai da na zo."

"Riƙe gaisuwarka. Matarka tana asibiti, za a gwada jininta, ta ce sai da izininka. Tashi mu je ka faɗa da bakinka."

Wani ɗan kamasho ya ce, "Kai, Dalhatu, yau lodinka ya cika tun kafin a ɗaure igiya!" Aka kwashe da dariya. Dalhatu bai yi dariya ba. Ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa.

"Wa ya ba ki izinin fitar min da mata daga gida?"

"Wanda ya ba ka izinin barinta ta ruɓe a tabarma."

"Inna, ina ganin girmanki. Shawara ce ke damunta, ana mata magani. Asibitin nan duk wanda ya shiga sai sun laƙa masa cuta. Ni ba za a ɓata min suna a garin nan ba."

"Sunanka ya fi ranta? Kai ga ka nan kamar sa na turke, ita kamar kara. Abinci ɗaya kuke ci kuwa?"

Fuskarsa ta sauya. Ya jefar da raken, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "To ku shaida. In ta ba da jininta, a bakin aurenta." Ya haye mota ya rufe ƙofa.

Fulera ta komo ƙafa na jan ƙafa. Ba ta iya ɓoye magana ba, don haka ta faɗa wa Rukayya yadda aka yi, ba ragi. Rukayya ta fashe da kuka marar ƙarfi.

"Kin gani ko, Inna? Kin kashe min aure. Mutumin nan ya bar 'yan mata ya dawo gare ni. Wa zai sake kallona a haka? Mu tafi gida, don Allah."

Suna nan zaune sai wata mata ta fito daga wani ɗaki a ƙarshen baranda, jikinta mulmul, ta zo ta zauna kusa da su tana gyara jaka. Sunanta Halimatu Sa'adiya, mai sayar da atamfa ce a kasuwar Rano. Ta fito da wata farar roba mai murfi, ƙwayoyi na kacau-kacau a ciki, za ta tura ta ƙarƙashin kaya. Rukayya ta bi robar da ido, ta share hawaye.

"Sannu, Yaya. Ke ma hawan jinin ne? Irin na maigidana ke nan sak. Kullum sai ya sha ɗaya, ko tafiya zai yi ba ya mantawa. Daga Kano yake karɓowa."

Matar ta dubi Rukayya tun daga ƙafa har ka. Ta dubi jaririyar. Ta dubi tsohuwar. Sannan ta matso ta rage murya.

"Ƙanwata, ni na daina ɓoyewa, don ɓoyon ne ya fi cin raina da farko. Wannan ba na hawan jini ba ne. Na ƙanjamau ne. A wurin awo aka gano min tun ban fara ciwo ba. Shekara da shekaru ina sha, ga ni kin gan ni. 'Ya'yana biyu na haifa a kai, ba wanda ya ɗauka." Ta juya robar a hannu. "Ki duba da kyau. Kila kama ce kawai."

Rukayya ta karɓa. Ta buɗe murfin, ta zuba ƙwaya ɗaya a tafinta. Ta daɗe tana kallonta.

"Ita ce," ta ce. "Tun daren da aka mayar da ni nake miƙa masa ruwan shanta."

Nan fa abin ya haɗu a kan Fulera kamar yadda mai ke tasowa saman tunkuza. Budurwar Kibiya da ya bari ba dalili. Dokar da ta ji a rediyo. Buhun albasa. Da wata uwar ce, da ta yi shiru ta bar 'yarta da ɗan abin da ya rage mata. Fulera ba ta iya ba.

"Kin ji ko? Ba ke ya dawo wa ba. Ya san in ya nemi budurwa sai an soki yatsarsa. Ya duba duk garin, ya ga ƙofa ɗaya ce ba mai gadi, ita ce kome. Ta nan ya shigo. Yana shan maganinsa yana ƙiba, ke kina miƙa masa ruwa."

"Inna, ya isa."

"Bai isa ba. Dubi abin da ke cinyarki. Me take tsotsa?"

Rukayya ta dubi Ummi. Ba ta sake kuka ba. Ta mayar wa matar da ƙwayarta, ta dafa bango ta miƙe da kanta, ta shiga wurin malamar asibitin, ta miƙa hannu tun ba a tambaye ta ba.

"Kin yarda?" in ji malamar.

"Na yarda. Auren ma ya tafi. A yi wa 'yata ita ma."

Sakamakon Rukayya bai ɗauki lokaci ba, tana da shi. Na Ummi kuwa aka ɗiga jinin dunduniyarta a takarda aka ce sai an kai Kano an dawo. Aka fara ba Rukayya magani. Amma malamar ta ja Fulera gefe ta gaya mata gaskiya: cutar ta ci jiki, tarin fuka ya shiga, za a yi iya ƙoƙari.

"Da a ce lokacin aure aka gwada fa?"

"Da an san nasa, an kare ta, Iya. Da wataƙila ba ta ɗauka ba sam. Ko a awo aka gano, da yanzu tana kan ƙafarta."

"An ce kome ba ya bukatar gwaji."

"Wa ya faɗa? Cuta ba ta san kome ba."

Rukayya ta ga an cire gyaɗa, ba ta ga an kai dawa rumbu ba. A ɗakin uwarta ta cika, da hantsi, Ummi na barci a gefenta. Dalhatu bai zo jana'iza ba, ya aiko da goro. Fulera ta watsa wa awaki. Bayan sadakar bakwai sakamakon Ummi ya dawo: ita ma tana da shi. Aka ba da maganinta, aka ce tunda an kama da wuri, in ba a fasa ba ko rana ɗaya za ta girma kamar kowa. Fulera ta koyi awon maganin da ido, ta shirya da wata Bafulatana mai kawo mata madarar safe.

Daga nan ta ɗaura ɗamara ta kai ƙara wurin mai unguwa. Aka kira Malam Uzairu, aka kira Bello. Ta durƙusa a zaure da goyonta, amma muryarta ba ta durƙusa ba.

"Ranka ya daɗe, an kashe min 'ya. Mutum uku suka haɗu. Ɗaya ya kawo cutar yana sane, ɗaya ya ce ba komai, ɗaya ya shafa fatiha. Hakkinta nake nema."

"A'uzubillahi," in ji Malam Uzairu. "Baiwar Allah, rai da ajali na Ubangiji ne. Ko an gwada, ko ba a gwada ba, kwananta ya ƙare."

"Allah gafarta Malam, in haka ne me ya sa kake ɗaure akuyarka da damina? Ka sake ta mana, abin da Allah ya rubuta za ta ci shi za ta ci."

Bello ya ce, "Matar Yaya, ki ji tsoron Allah, malami ne fa."

"Kai rufe min baki, mai tsohuwar zuma."

Mai unguwa ya ɗaga hannu. Ya ce shi Dalhatu ba mutumin ƙasarsa ba ne, na Fassi ne a ƙasar Kibiya, ba shi da iko a kansa. Ya ce wa ya ga ƙwayar da idonsa in ban da marigayiya, kuma marigayiya ba ta ba da shaida. Ya ce Malam bai yi da mugun nufi ba, fahimta ce, kowa a lokacin haka ya ɗauka, ai kome ne. Ya ce tona wannan magana ba abin da zai jawo sai a riƙa nuna marainiyar nan da baki. Ta yi haƙuri, Allah ya ji ƙan wadda ta rasu.

Aka shafa. Fulera ba ta ɗaga hannu ba.

Tana fita zauren Bello ya biyo ta, yana murza hula, idonsa a ƙasa.

"Matar Yaya, akwai abin da na ji a kasuwar Kibiya. Ban san ko in faɗa ba."

"Da can da ya kamata ka yi shiru ba ka yi ba. Faɗi."

"Dalhatu ya kai buhun albasa Fammar, gidan su Huseina. An ce Juma'a mai zuwa za a ɗaura. Wai kome za ta yi."

Fulera ta tsaya cik. Ba ta taɓa ganin Huseina ba, ba ta san uwarta ba, ba ta ma san ko za su saurare ta ko su sa yara su jefe ta ba. Ta san kuma in ta buɗe baki a Fammar, kafin magariba duk ƙasar Rano da Kibiya an san abin da ke jinin Ummi, kuma yarinyar nan da wannan sunan za ta tashi. Ta juya kai ta dubi goyonta. Ummi na barci, bakinta a buɗe, da ɗigon magani a haɓarta.

Ta shiga gida, ta ɗauki kwalbar maganin ta ƙulle a bakin zani. Ta ƙara tamke majanyi. Gyaɗar da ta soya tun safe tana nan a faranti, kaji na ci, ba ta kore su ba. Ta fito bakin hanya ta ɗaga wa ɗan acaɓa hannu.

"Ina zuwa, Iya?"

"Fammar. Kuma kada ka tsaya gaisawa da kowa."